Gemun Gona

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare miki hanya tun daga ƙofar gidanmu nan Gangara har inda aka tura ki, Ya raba ki da mugun ji da mugun gani, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Amin.

Uwani, tun ranar da takardar ɗaukar aikinki ta zo, ƙafata ba ta zauna wuri ɗaya ba. Malamar gona, kuma ɗiyar Alu! Na kai takardar ƙofar masallaci, na kai ta wurin mai shayi, har wanda bai tambaye ni ba sai da na karanta masa. Innarki ta ce in ban mayar da ita akwati ba za ta yage a hannuna tun ba ki fara aikin ba. Ku dai ku bar ni in yi murnata. A shekara irin wannan da ruwa ya ɗauke gero na da ciki, kowa ka gani fuska a murtuke, ni Allah Ya ba ni abin da nake tafe ina murmushi ni kaɗai. Aikin da aka ba ki kuwa shi ne ainihin abin da ƙasar nan take nema, wato ki koya wa manoma barin itace a gona, ki koya wa mata murhun da ba ya cin itace da yawa.

Sai dai akwai kalma ɗaya da nake tsallakewa in ina karanta wa mutane, ita ce sunan garin da aka tura ki. Kamarawa. A Kamarawa akwai wani dattijo, Malam Nomau, wanda duk mai son manoman garin su saurare shi kan maganar itace, sai ya bi ta ƙofarsa. Ba za ki iya aikinki ba sai da yardarsa. Shi kuwa asalinsa ɗan Gangara ne, kuma bakina ne ya tashe shi daga garin nan. Ranar da kika ce masa ke ɗiyar Alu ce, ban san irin kallon da zai yi miki ba. Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan, don in na ce za ni faɗa miki baki da baki, na san halina, zolaya za ni mayar da abin. Kin kuma gado bakin nan nawa kaf, kada ma ki yi musu, na ji yadda kike yi da ƙannenki.

Lokacin ƙuruciyata, in bazara ta kama, ba wanda ya kai ni sassabe. Kin san yadda muke yi. Kafin ruwan farko sai mutum ya bi gonarsa da gatari, duk wata sabara ko kalgo ko ɗan gawo da ya tofo daga kututture ya sare shi ƙasa-ƙasa, ya tara ya cinna wuta. Da haka ake gane manomin ƙwarai. In ka tsaya wannan iyaka kana hango kadangare a waccan iyaka, to mai gonar namiji ne. Tawa fes take kamar tsakar gidan da ake jiran baƙi, kuma in ana yabo nakan yi kamar ban ji ba, alhali kuwa har cikin raina nake jin daɗi.

Nomau maƙwabcina ne a gona, iyakarmu ɗaya. Da farin da aka yi muna magidanta ya tsananta, sai ya tsallaka iyaka ya tafi cin rani wajen ƙasar Maraɗi. Da ya dawo bai zo da rediyo ko agogo kamar sauran ba, sai wani irin sassabe da ba mu taɓa gani ba. Ya isa wurin kututture ya durƙusa yana dubawa kamar mai zaɓen rago, ya sare wasu rassan ya bar wasu. Gonar ta cika da tsinke-tsinke a tsaye. Na leƙa ta kan iyaka na tambaye shi ko gatarin ne ya dakushe. Bai yi fushi ba, ya ce da ni:

"Alu, kututturan ga ba matattu ba na. Saiwarsu na can ƙasa tana shan ruwan da hatsi bai kaiwa gare shi. Zaɓi toho biyu ko ukku masu ƙarhi ka bari, ka sare saura, ka ga ikon Allah."

Da na yi shiru a nan, da abin ya wuce. Amma Nomau mutum ne marar gemu, haɓarsa sumul har ya manyanta, ni kuwa magana ta riga ta zo mini baki. Da yamma a dandali, mutane cike, na ce, "Ku dubi Nomau, Allah bai ba shi gemu ga haɓa ba, ya tai ya tsirar da shi ga gona." Aka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Kafin kasuwa ta zagayo ba mai kiransa Nomau, sai Gemun Gona. Yara suka sa shi a waƙa, mata suna tsokanar matarsa a bakin rijiya. Ya kira gayya, mutum uku suka je, don ba wanda yake so a ce yana noma ƙarƙashin gemu. Ni kuwa kullum ina ƙara wa maganar gishiri.

Uwani, a makaranta an koya miki abin da yake daidai, kuma za ki tarar da mutane suna yin akasinsa da iyakar ƙarfinsu. Magana mai daɗi za ta zo miki baki, irin wadda za ta sa a yi dariya. Ki haɗiye ta. Ni na yi tawa don in ji daɗin yamma ɗaya, ga shi har na yi furfura ba ta daina aiki ba.

Shekara biyar Nomau ya jure, sannan ya kwashe iyalinsa ya koma wurin dangin uwarsa a Kamarawa. Ranar tafiya ya zo har zaurena ya yi mini sallama. Ya ce ƙanensa ba zai iya noma gonar ba, in ina so in karɓi aronta. Da ya kai ƙofa sai ya juyo ya ce, "Ga gemun nan na bar maka, Alu. Ka yi mai aski." Wani mai hankali da ya ji kunya. Ni kuwa na ɗauki gatari na yi askin. Itatuwan da ya yi shekara biyar yana reno, waɗansu sun fi ni tsawo, kwana biyu na gama da su. Innarki ta yi rani guda tana girki da su, tana cewa ba ta taɓa samun itace kusa haka ba, ban ko tsaya na yi tunanin abin da maganarta take nufi ba.

Ki ji inda wautar take. A damanar nan gonar ta yi geron da ban taɓa gani ba tun da nake noma. Na riƙa ɗaukar zangarniya ina yawo da ita gari, ina cewa ku ga abin da tsabtar gona take yi. Ashe ganyen da itatuwan Nomau suka yi shekaru suna zubarwa nake ci, da ƙasar da suka tare daga iska. Guminsa na girbe, na kuma kafa hujja da shi a kansa. Shekara uku bayan haka, iskar da ke zuwa gaban ruwan farko ta riƙa kwaso rairayi tana yanke shuka, in shuka sau uku kafin ɗaya ta tsaya. Saboda haka in manomi ya nuna miki damana ɗaya ya ce ga hujjarsa, kada ki ƙaryata shi, idonsa ya gani. Ki tambaye shi dai me ke cikin gonar kafin wannan shekarar, ki bar shi ya ba kansa amsa.

To, itace ya yi nisa. Da, mata kan fita bayan gari su dawo kafin rana ta yi zafi. Sai ya zama ana fita da sanyin safiya a dawo bayan azahar da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Aka koma ƙona karan gero, aka koma tsintar busasshen kashin shanu, abin da ya kamata ya kwana a gona ya zama taki duk ya tafi murhu. Ni ban taɓa ɗaukar itace a kaina ba, don haka abin da nake gani kawai shi ne tuwo yana makara.

Wata rana a kasuwar Sabon Birni na ga ana tallar wani murhun ƙarfe, wai itace kaɗan yake ci. Na sayo ina ta rawar jiki. Na tarar innarki ta tafi suna, sai na ce bari in yi mata bazata. Na kwashe duwatsun murhunta guda uku, waɗanda uwarta ta kafa mata da hannunta, na jefa bayan ɗaki, na ajiye nawa na ƙarfe, na koma zaure ina jiran godiya. Ta dawo ta ɗora tukunya. Miya ta dahu lafiya lau, har ina leƙowa ina gyaran murya. Da aka zo tuƙin tuwo, ta kafa muciya ta ja da ƙarfi yadda ta saba, sai murhu da tukunya suka tafi tare. Tuwon gida guda ya kife a ƙasa, a shekarar da ake auna hatsi da tafin hannu. Allah Ya kiyaye bai zuba mata a ƙafa ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, ka taɓa tuƙa tuwo? To mi yak kai ka ga murhuna?" Ta je bayan ɗaki ta kwaso duwatsunta. Murhuna kuwa kaji suka samu wurin kwana.

Shekaru ba a isa a yi mata maganar sabon murhu ba, kuma ni na ja. Sai da wata ƙawarta ta zo, suka kwaɓa laka tare, suka gina shi daidai gindin tukunyarta, suka manne shi da ƙasa yadda ko ta ja da duk ƙarfinta ba zai motsa ba. Yanzu ke shaida ce, ita ce ke zagaya gidaje tana cika baki, wai damin itacen da a da ke ƙarewa nan da nan yanzu har ta manta ranar da aka kawo shi, hayaƙi kuma ya daina sa ta hawaye. In kin shiga gidan mutane, ki fara zama ki ga yadda matar take girki, ki karɓi muciyar ki tuƙa da kanki. Ki auna tukunyarta kafin ki buɗe baki. Kada kuma ki yarda maigida ya karɓi murhu a madadinta, ko da ya rantse miki ya san abin da take so.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne wanda za ni faɗa yanzu, ko innarki ba ta san shi duka ba. Da fari ya sake dawowa, masu zuwa garin Isa suka riƙa kawo labari cewa a Kamarawa akwai gonar da geronta ya tsaya kore alhali na kewaye ya ƙone, kuma mai ita yana ba maƙwabta rassan da ya sassabe su yi girki. Ban tambayi sunansa ba, na sani. Bazara na kamawa na tafi gonata ta nesa, wadda ba hanya kusa da ita, na durƙusa gaban kututture na yi yadda ya gwada mini. Da aka fara lura, sai na ce ai ciwon baya ne ya hana ni gama sassabe. Shekara huɗu ina dafe ƙugu in na hango mutane, lafiyata ƙalau. Har sassaƙe-sassaƙen magani aka riƙa kawo mini, ina karɓa ina godiya.

Abin dariya ne, na sani, ki yi dariyarki. Amma ki duba abin da ya jawo. Mutanen da suka bi ni wajen yi wa Nomau dariya, da sun bi ni wajen barin itace in da na tsaya a dandalin nan na ce na yi kuskure. Shekara huɗu garin nan ya ci gaba da aske gonaki saboda ni ina jin kunyar magana ɗaya. Za ki haɗu da irina da yawa, waɗanda zuciyarsu ta yarda tuni, girman kai ne kawai ya tare ƙofa. In kin ga dattijo ya bar tofo ya ce mantuwa ya yi, ki ce Allah Ya ƙara irin wannan mantuwa, ki wuce. Kada ki ce masa ai dama an faɗa muku.

Saura ɗaya, gajere ne. Da itatuwan gonar nesa suka fara tasowa, na je wata safiya na tarar an lalata kusan rabi. Ko dubawa ban yi ba na nufi rugar Jaɓɓi, Bafillacen da shanunsa ke bi ta wajen, na zazzaga masa faɗa gaban iyalinsa. Ya ɗauki sandarsa ya ce mu je ya gani. Ya duƙa ya shafa bakin saran, ya ce, "Alu, yaushe saniya tah hwara yawo da gatari?" Ashe mutanen garinmu ne suka sara don shinge, tun da ni da bakina na ce ba so nake ba, ciwo ne ya sa na bari. Jaɓɓin nan shi ya nuna mini cewa ƙwayar gawo ta fi tsirowa in ta bi ta cikin dabba, shi ya sa kike ganin gawo inda garke ya kwana. Tun daga lokacin shanunsa ke kwana gonata da rani, su ci 'ya'yan gawo su bar mini taki, yaransa kuma ba sa barin kowa ya taɓa ƙananan itatuwan. In kin gama da zaurukan gari, ki nemi mai raka ki ruga, ki gaishe su da harshensu ko da kalma biyu kika iya.

Kai, Uwani, in na tuna abin da za ki gani nan da 'yan shekaru sai in ji kamar in koma saurayi. Itacen nan ba daga wani wuri za a kawo shi ba, ba rijiya za a haƙa masa ba, yana nan ƙarƙashin ƙafafunmu yana jira. Bana da ruwa ya yi mana rowa, ki je gonar nesa ki gani, inda inuwar gawo take nan ne kaɗai za mu ɗaure dami. Matasa sun fara zuwa suna tambayata yadda ake zaɓen tofo, ina gwada musu, suna ce mini gwani. Duk sanda suka faɗa sai in tuna Nomau, don na san shi ne mai abin.

Na yi niyyar in rufe takardar nan da saƙon da za ki kai wa Malam Nomau. Har na tsara shi, na ce ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce babanki ya ce a yafe masa. Na rubuta layi biyu sai alƙalamin ya tsaya. Na ga ashe wani sabon kuskure nake shirin yi, in ɗora wa yarinya kunyar da ni na saya tun ba a haife ta ba, ta shiga baƙon gari da ita ranar farko, ni ina nan zaune a zaure ana ce mini gwani.

Don haka ga gaskiyar magana. Na ce da ku gobe za ni kasuwar Bafarawa duba tumaki, kuma na ga ranki ya ɓaci da ba za ni raka ki tasha jibi ba. Ba tumakin da za ni dubawa. Na riga na yi magana da mai babur, Kamarawa za mu. Innarki za ta ba ki takardar nan in kin shiga mota, lokacin ni na kwana can. Ba cikin zaurensa za ni same shi mu biyu ba. A gaban jama'a na yi masa, don haka za ni jira a idar da sallar la'asar, mutane ba su watse ba, in miƙe in faɗi sunana da garinmu, in faɗi abin da na ce da abin da na yi wa itatuwansa. Wallahi ina jin tsoro, amma rabon da in ji jikina sakayau haka na manta. Na sa an wanke mini babbar rigata, innarki tana ta mamakin irin tumakin da ake yi wa wannan ado.

Ban san abin da zai ce ba. In ya yafe, alhamdu lillahi, ki zo ki same mu tare. In kuma ya juya mini baya, to ya juya wa wanda ya cancanta, kuma ya riga ya sauke a kaina kafin ki iso. Ke dai ki shiga da sallama, ki gaishe shi gaisuwar uba, ki ce kin zo koyo. In ya tambaye ki ɗiyar wa ce, kada ki yi ƙasa da murya.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya sa mutanen Kamarawa su ji daɗin zuwanki. Allah Ya ba mu ruwa mai albarka, Ya yi miki albarka duniya da lahira. Ni ma ki sa ni a addu'a, don tafiyar da ke gabana ta fi taki nauyi.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Alu